Zanga-zangar Lumana: A Fita Lafiya, A Komo Lafiya

Kurmin Mashi tana arewacin kogin Kaduna, a bakin babban titin Nnamdi Azikiwe wanda kowa ya fi sani da baifas. Dare da rana manyan motoci suna bin wannan titi, daga kudu zuwa Zariya da Kano. Badiko da Panteka da Mando maƙwabtanmu ne, Gidan Gwamnati kuwa ba shi da nisa. Saboda haka duk ranar da gari ya motsa, mukan ji motsin a ƙofar gidajenmu, ko muna so ko ba mu so. Har wa yau unguwa ce da Kirista da Musulmi suke zaune tare, suna sayen kayan miya a tebur ɗaya, 'ya'yansu suna buga ƙwallo a fili ɗaya.

Kowace unguwa tana da abin da yake damunta. Wani lokaci wuta ce ta ɗauke wata da watanni, wani lokaci famfo ne ya ƙafe, wani lokaci kuma mota ce ta kaɗe yaro a kan titi. A rubuta takarda, a aika wakilai, a jira, shiru. Sa'an nan sai a ji samari suna cewa, "Mu fito kawai." Iyaye kuwa da zarar sun ji wannan kalma sai gabansu ya faɗi, gama sun san abin da idonsu ya gani a garin nan.

Samarin suna da gaskiyarsu, iyayen ma suna da tasu. Abin da muke so mu nuna a wannan wata shi ne, kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ta sa zanga-zanga ta ƙare lafiya ba. Lumana aiki ce da ake yi tun kafin ranar, a zauren mai unguwa, da ofishin 'yan sanda, da tsakar gida. Tun ran gini ran zane.

Abin da garinmu ya gani

Ran Litinin 21 ga Fabrairu 2000, Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya, watau CAN, ta kira jerin gwano a Kaduna domin nuna rashin yarda da shirin kafa shari'ar Musulunci a jiha. Kafin wannan rana masu goyon bayan shari'a su ma sun yi nasu tarurruka. Dubban mutane suka fito da safe da nufin kai kukansu Majalisar Dokoki da Gidan Gwamnati. Jerin gwanon ya ratsa tsakiyar gari, aka fara cacar baki, aka shiga jifa, kafin rana ta faɗi wuta ta kama unguwanni da yawa. Faɗan ya sāke tashi a watan Mayu. Hukumar binciken da gwamnatin jiha ta kafa ta ce aƙalla mutum 1,295 aka kashe, waɗansu masu bincike kuwa sun ce adadin ya kai 2,000 ko fiye. Tun daga lokacin iyalai da yawa suka ƙaura, Kirista suka yi kudancin kogi, Musulmi suka yi arewa. Yawancin waɗanda suka fito ran nan ba su fito da nufin zubar da jini ba. Amma taron ya fi ƙarfin masu shi, ya bi ta wuraren da zukata suka riga suka yi zafi, kowane ɓangare kuma ya ga ɗayan kamar abokin gaba.

A Janairu 2012 aka ga wani abu dabam. Ran 1 ga wata gwamnatin tarayya ta janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga naira 65 zuwa wajen naira 141. Ƙungiyoyin ƙwadago suka shiga yajin aiki ran 9 ga wata. Wannan karo kukan na kowa ne, gama tsadar mai ba ta tambayar addinin mutum. A Kano da waɗansu garuruwa an ga Kirista sun riƙe hannuwa sun kewaye Musulmi suna salla, an kuma ga Musulmi suna tsaron coci ran Lahadi. Ko da yake a Kaduna sai da aka sa dokar hana fita a makon nan, abin bai zama faɗan addini ba. Ran 16 ga wata gwamnati ta rage farashin zuwa naira 97.

A shekara ta 2021 abu biyu suka faru kusa da mu. Ran 11 ga Maris 'yan bindiga suka sace ɗalibai 39 daga Kwalejin Gandun Daji ta Afaka, can wajen Mando. Iyayen yaran suka yi ta fitowa da kwalaye suna roƙo, har ran 4 ga Mayu suka kai kukansu ƙofar Majalisar Tarayya a Abuja. Ba su ƙone kome ba, ba su jefi kowa ba, ƙasa duka kuwa ta ji su. Washegari aka sako sauran ɗaliban, bayan shiga tsakani da waɗansu manya suka yi. A watan Mayun nan kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya, a ƙarƙashin Ayuba Wabba, ta fara yajin aikin gargaɗi ran 17 ga wata saboda korar ma'aikatan jiha. Rana ta biyu 'yan daba ɗauke da sanduna da wuƙaƙe suka auka wa jerin gwanon ma'aikata a shataletalen NEPA. Wannan ya nuna mana cewa ko taron da ya shirya da kyau, wani na iya zuwa daga waje domin ya ɓata shi.

Na baya-bayan nan shi ne na Agusta 2024, sa'ad da aka kira zanga-zangar kwana goma a ƙasa duka saboda yunwa da tsadar rayuwa. Kiran ya yaɗu ta waya, babu wani shugaba a unguwa da za a ce shi ne mai taron. A Kaduna an fasa ofisoshin gwamnati an kwashi kaya, aka kuma ga yara suna ɗaga tutar Rasha. Ran 5 ga Agusta Gwamna Uba Sani ya sa dokar hana fita ta sa'a 24 a Kaduna da Zariya. Ƙungiyar Amnesty International ta ce aƙalla mutum 24 aka kashe a jihohin Arewa shida, har da Kaduna. Ran 1 ga Nuwamba aka kai waɗanda aka kama gaban Babbar Kotun Tarayya a Abuja, a cikinsu akwai yara ƙanana daga Kano da Kaduna waɗanda suka yi wata uku a tsare. Waɗansu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Sai bayan haka Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarni a sake su. Kowace uwa da ta ga hotunan nan ta san ɗanta ma zai iya zama a cikinsu.

In muka jera waɗannan a gabanmu, darasin a fili yake. Taron da ya tsaya a kan kuka ɗaya wanda ya shafi kowa, yana da shugabannin da aka sani, ya fi samun biyan bukata. Taron da ba shi da mai shi, ko wanda ya raba mutane gida biyu, shi ne yakan bar mana makoki.

Abin da doka ta ce

Mutane da yawa suna tsammani zanga-zanga laifi ce. Ba haka ba ne. Tsarin Mulkin 1999, sashe na 39, ya ba kowa 'yancin faɗin ra'ayinsa, sashe na 40 kuma ya ba da 'yancin taruwa cikin lumana. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita wannan 'yanci ta hanyar doka saboda tsaro da zaman lafiyar jama'a, shi ya sa in an sa dokar hana fita, maganar fitowa ta ƙare ke nan sai an ɗage.

Dā 'yan sanda sukan dogara ga Dokar Zaman Lafiyar Jama'a ta 1979 su ce sai an karɓi izini kafin a yi taro. A watan Satumba 2003 aka tarwatsa taron jam'iyyar ANPP a Kano da barkonon tsohuwa bisa wannan hujja. Jam'iyyu suka kai ƙara. A 2005 Babbar Kotun Tarayya ta ce neman izinin nan ya saɓa wa Tsarin Mulki, a 2007 kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 83, ta ƙara da cewa in mutane suka sanar da 'yan sanda za su yi taro ko jerin gwano a kan hanyar jama'a, wajibi ne jami'in da yake kula da yankin ya ba su tsaro.

Watau sanarwa ake kai wa 'yan sanda, ba roƙon izini ba. Amma fa kada wannan ya sa mu ɗaga kai. Hikima ita ce a rubuta takarda kwanaki kafin ranar, a faɗi dalili, da rana, da lokaci, da hanyar da za a bi, da sunayen shugabanni. A kai wa DPO na unguwa, a kai kwafi ofishin Kwamishinan 'Yan Sanda, a sa a buga hatimi a kan kwafin da za a riƙe. Wanda ya kai takardar ya yi magana da ladabi: "Ranka ya daɗe, mun zo mu sanar da kai, muna kuma roƙo ka ba mu jami'ai su raka mu." Ɗan sandan da ya san fuskarka tun jiya ba ɗaya yake da wanda ya gan ka yau cikin hayaniya ba.

Doka ba ta ba kowa 'yancin ƙona taya, ko tilasta wa mai shago ya rufe, ko fasa gilashin mota ba. Wanda ya yi haka ya fita daga inuwar sashe na 40.

Aikin mako guda kafin ranar

Bari mu ɗauki misali. A ce taransifomar wani layi ta lalace wata uku, masu injin niƙa da masu walda da masu sayar da ƙanƙara sun rasa abin yi. Me ya kamata a yi?

Da fari, a tabbata an ƙwanƙwasa dukan ƙofofi. An gaya wa mai unguwa? An ga kansila? An rubuta wa ofishin da abin ya shafa, an ajiye kwafi? An sanar da ɗan majalisar jiha? Sau da yawa wakilai biyar masu takarda a hannu sukan gama abin da mutum ɗari biyar ba za su gama ba. Fitowa kan titi ita ce ta ƙarshe.

Na biyu, a tsaya a kan bukata ɗaya, a rubuta ta cikin layi biyu ko uku. "A gyara mana taransifoma, a kuma faɗa mana ranar da za a yi." Wannan abu ne da jami'i zai iya amsawa. In aka haɗa wuta da ruwa da siyasa da tsohuwar gaba, ba wanda zai san abin da ake nema, kowa kuma zai zo da nasa fushin.

Na uku, a kafa kwamiti na mutanen da unguwa ta sani, maza da mata, dattawa da samari, Kirista da Musulmi. A garin Kaduna wannan ba ado ba ne, shi ne katangar taron. In mai wucewa ya ga liman da fasto a sahun gaba, da matan zumunta da matan Islamiyya a bayansu, mai neman ya ce "su wane ne suka fito" ya rasa abin faɗi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Matan Laberiya sun nuna wa duniya wannan a 2003. Leymah Gbowee da abokan aikinta suka tara mata Kirista da Musulmi, sanye da fararen riguna da fararen ɗankwali, suka zauna a wani fili kusa da kasuwar kifi a Monrobiya, rana da ruwa, suna neman abu ɗaya tak, a daina yaƙi. Suka bi masu sulhu har Akara ta ƙasar Gana. Ran 18 ga Agusta 2003 aka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya, a 2011 kuma aka ba Gbowee lambar Nobel.

Na huɗu, a zaɓi wuri da lokaci da hankali. Jaraba ce babba ga mutanen Kurmin Mashi su tare baifas, gama nan ne kowa zai gani. Amma a kan titin nan akwai tankar mai, akwai mai naƙuda a cikin keke, akwai direban da ya kwana a hanya. Minti kaɗan sun isa cunkoso ya kai Mando, waɗanda ya kamata su tausaya mana su koma zaginmu. Ya fi kyau a tsaya a gefen titi, ko a fili, ko a ƙofar ofishin da ake kai wa kuka. Tsayawa wuri ɗaya ya fi tafiya sauƙin kulawa. In lalle sai an yi tafiya, ta zama gajeriya, a guji kasuwa, da tasha, da barikin soja, da ƙofar masallaci ko coci. Kada a sa ranar Jumma'a da azahar ko Lahadi da safe. A fara da hantsi, a tashi kafin azahar, tun rana ba ta yi zafi ba, tun yaran makaranta ba su taso ba.

Na biyar, a zaɓi masu kula da sahu. Waɗannan su ne samari da mata masu sanyin hali, kamar mutum ɗaya ga kowane ashirin, da ƙyalle mai launi ɗaya a damtse domin a gane su. Su ne za su tsaya gaba da baya da gefe. A zauna da su tun kafin ranar a gwada: wani ya yi kamar mai zagi, wani kamar mai jifa, a ga yadda za su yi. Ran 28 ga Agusta 1963 mutum wajen 250,000 suka taru a Washintan ta Amurka, inda Martin Luther King ya yi jawabinsa da duniya ta sani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne aikin Bayard Rustin, wanda ya yi wajen wata biyu yana shirya motoci, da ruwan sha, da makewayi, da abinci, da masu kula da sahu, har da irin kalmomin da za a rubuta a kwalaye. Ya kuma shirya yadda kowa zai bar garin kafin dare. Taron ya watse lafiya domin wani ya zauna ya yi tunanin ƙananan abubuwa.

Na shida, kwamiti shi ne zai rubuta kwalaye. Ba zagi, ba sunan ƙabila ko addini, ba tutar jam'iyya, ba tutar wata ƙasa. A naɗa mutum biyu da za su yi magana da 'yan jarida da jami'ai. A nemi lauya ya san da taron, a sami ma'aikaciyar jinya da akwatin magani, a tanadi ruwan leda, da keke ko mota ɗaya a tsaye saboda ko ta kwana.

Magana ga iyaye

Daren jajibirin ranar, iyali su zauna. Wa zai tafi, wa zai zauna a gida? Yaron da bai kai shekara 18 ba ya zauna a gida, ko ya yi kuka. Mai ciki, da mai goyo, da mai asma, da tsohon da ba ya iya sauri, su ma su zauna, taimakonsu ya zama sa hannu a takardar koke. Masu sana'a su lura da yaran shagonsu, malaman allo kuma da almajiransu, gama irin waɗannan yara ne sukan bi taro ba su san dalilinsa ba, su ne kuma akan fara kamawa.

In saurayi ya ce, "Baba, zan fita gobe," hana shi da tsawa ba ya cika amfani, sai ya bi ta bayan gida. Gara a tambaye shi: "Ɗana, wa ya kira taron? Ka san shi ido da ido? Me ake nema? An sanar da 'yan sanda? Ƙarfe nawa za a tashi?" In ya amsa duka, a sa masa albarka. In amsarsa ita ce "a waya na gani," to, shi da kansa zai ji nauyin maganar. Saƙon da ba shi da suna, wanda ya ce kowa ya fito amma bai faɗi mai kiran ba, abin gudu ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wanda zai tafi ya ci abinci, ya sa takalmin da zai iya tafiya da shi, ya ɗauki katin shaida, da ruwa, da hankici, da kuɗin mota kaɗan. Ya cika wayarsa da caji, ya rubuta lambar wani na gida a takarda ya sa a aljihu, gama waya takan faɗi. Kada ya ɗauki wuƙa, ko sanda, ko ashana, ko da da sunan kare kai ne. Abin da aka samu a aljihunka shi ne zai yi shaida a kanka. Kada kuma ya tafi shi kaɗai. Su zama biyu biyu, kowa yana lura da ɗan'uwansa, su kuma yanka wurin da za su haɗu in aka rabu.

A ranar

Kafin a ɗaga ƙafa, shugaba ya ɗauki lasifika ya karanta ƙa'idodi da Hausa da Turanci: abin da muka zo nema, inda za mu tsaya, lokacin da za mu tashi, ba jifa, ba zagi, ba taɓa kayan kowa. Dattawa da mata su shiga gaba, a yi tafiya a hankali. Gudu shi ne mafarin firgita, firgita kuwa takan sa a tattake mutane.

A bar wa motoci hanya. In motar asibiti ta zo, a buɗe nan da nan. Mai shagon da ya ga dama ya buɗe shagonsa, hakkinsa ne. A gai da 'yan sandan da suka zo, a miƙa musu ruwa in akwai. Su ma 'ya'yan wasu ne, a kasuwa ɗaya muke awo da su.

Wake ɗaya shi yake ɓata gari. In aka ga baƙuwar fuska tana tara duwatsu, ko tana jawo taya, ko tana rera abin da zai tsokani wani ɓangare, masu kula da sahu uku ko huɗu su matsa kusa su yi masa magana a hankali: "Ɗan'uwa, ba wannan ya kawo mu ba." In ya ƙi, jama'a su ja da baya su bar shi a fili shi kaɗai, a nuna wa 'yan sanda. Kada a doke shi, gama dūkan nan shi ne abin da ya zo nema. Wata dabara mai kyau ita ce kowa ya zauna a ƙasa sa'ad da aka ba da alama. Wanda ya rage a tsaye da dutse a hannu, kowa ya gan shi.

Jita-jita ta ci rayuka da yawa a garin nan. In wani ya zo da gudu yana cewa an kashe wane a Tudun Wada, ko an ƙone wuri kaza a Sabon Tasha, kada a maimaita, kada a tura ta waya. A kai maganar wurin shugabanni su bincika.

Sa'ad da jami'i ya fito, wakilai su miƙa takardar, su roƙi a sa hannu a kwafinsu, su nemi a faɗi ranar da za a ba da amsa. Shugaba ya faɗa wa jama'a abin da aka ce, ya yi godiya, ya sallami kowa. Lokacin watsewa yana da hatsari ƙwarai, gama shugabanni sun gaji, samari kuwa jininsu bai sauka ba. Masu kula da sahu su ne na ƙarshe da za su bar wurin. A tsince ledojin ruwa, a koma gida ƙungiya ƙungiya ta hanyar da aka sani.

In abu ya ɓaci

Shugabanni su yarda tun farko cewa in alamu suka sāke, za su tashi taron ko ba a miƙa takarda ba. Wannan ba tsoro ba ne. Takarda tana iya jira har gobe, rai kuwa ba shi da na biyu.

In aka harba barkonon tsohuwa, kada a taɓa gwangwanin, yana da zafi. A rufe hanci da baki, a fita daga hayaƙin ta gefen da iska take fitowa, da sauri amma ba da turereniya ba. Kada a murza ido, a wanke shi da ruwa mai tsabta da yawa, a sāke tufafi in an isa gida. In aka ji harbi, a kwanta a ƙasa ko a fake a bayan katanga, a bar wurin in ya lafa. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112.

Wanda aka kama kada ya yi kokawa, kada ya gudu. Sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ba shi 'yancin yin shiru har ya ga lauya, ya kuma ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40. Kada ya sa hannu a takardar da bai karanta ba. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne bisa doka, doka kuma ta hana a kama wani a madadin wani. Kwamiti ya rubuta sunayen waɗanda aka kama, ya sanar da iyalansu da lauya a ranar. Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam ta Ƙasa da Hukumar Ba da Taimakon Shari'a suna karɓar irin wannan kuka.

Bayan an komo

Aikin bai ƙare da watsewar taro ba. Da yamma a bi gida gida a tabbata kowa ya dawo. Washegari wakilai su koma su gode wa mai unguwa da DPO. In ranar da aka yi alkawari ta zo, a koma da kwafin takarda a hannu, a yi ta komawa har a ga biyan bukata. Masu bincike biyu a Amurka, Erica Chenoweth da Maria Stephan, sun duba gwagwarmaya 323 da aka yi a duniya daga 1900 zuwa 2006. Suka tarar waɗanda aka yi ba da makami ba sun yi nasara kashi 53 cikin ɗari, na makami kuwa kashi 26. Babban dalilin da suka bayar shi ne, inda babu tashin hankali, mata da dattawa da 'yan kasuwa sukan iya shiga, yawan jama'a iri iri kuwa shi ne ƙarfin kuka.

Ran 22 ga Agusta 2002 shugabannin addini 22, Musulmi 11 da Kirista 11, suka sa hannu a kan Sanarwar Zaman Lafiya ta Kaduna, da ƙoƙarin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda dā abokan gaba ne. Wata uku bayan haka rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya ya ci rayuka fiye da 200 a garin nan. Sa hannun manya yana da kyau, amma ba ya tsare layi in mutanen layin ba su tsare shi da kansu ba.

Ya ku masu karatu, yin shiru a kan zalunci ba zaman lafiya ba ne, ƙone-ƙone kuma ba neman hakki ba ne. Tsakanin biyun akwai hanya, sai dai tana bukatar haƙuri da shiri da haɗa kai da maƙwabcin da ba addininku ɗaya ba. Kada mu jira sai ranar fushi kafin mu san lambar wayar mai unguwa, ko sunan limamin layinmu, ko na faston da yake bayan gidanmu. Mu san su yanzu. Ranar da bukatar fitowa ta zo, abu biyu za mu auna nasara da su: an ji kukanmu, kowane ɗa kuma ya ci tuwon dare a gidan uwarsa.